Kai hari a gasar ces: yaushe ake ba da giwa, yaushe ake riƙe ta?

Dokin_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga manyanmu. A ƙananan gasannin da ake shiryawa nan Kumasi, musamman na sauri mai minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, 'yan wasa iri biyu ake gani. Akwai mai tsare gida har a kai ƙarshen wasa, akwai kuma wanda tun taku na goma ya jefa giwa (bishop) a gidan h7 ko doki a f7, wato ya bayar da su don ya buɗe gidan sarki. Wata rana na biyun ya gama da mutum cikin taku ashirin, kowa ya taru a allonsa. Wata rana kuma ya tashi ba giwa ba hari. To da me ake gane lokacin hari ya yi? Kuma ga wanda bai kai maki 1800 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa ba, irin wannan wasan riba ne ko asara?

Malam_Soro:
Wa alaikumus salam. Kafin hannunka ya kai kan giwar, yi ƙidaya. 'Ya'yanka nawa ne za su isa unguwar sarkinsa cikin taku biyu, nasa kuma nawa ne ke gadin wurin? Mafi ƙaranci kana bukatar uku: ɗaya na bayarwa, biyu na gama aiki. Soron da ke zaune a a1 bai motsa ba, ba ya cikin lissafi, ko da darajarsa maki 5 ce a takarda. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ɗauki bayar da giwa a h7, wadda ake kira kyautar Girka. Sharuɗɗanta sanannu ne: giwarka na kallon h7, yawanci daga d3, dokinka na f3 zai iya tsallakawa g5 ba a cinye shi a banza ba, sarauniya na da hanya zuwa h5, kuma babu dokinsa a f6, galibi saboda kurtunka na e5 ya kore shi. Ga misali mai tsabta: 1.e4 e6 2.d4 d5 3.Nc3 Nf6 4.e5 Nfd7 5.Nf3 Bb4 6.Bd3 O-O 7.Bxh7+ Kxh7 8.Ng5+ Kg8 9.Qh5 Re8 10.Qxf7+ Kh8 11.Qh5+ Kg8 12.Qh7+ Kf8 13.Qh8+ Ke7 14.Qxg7 mat. Lura, kurtun e5 ne ya rufe wa sarki d6 a taku na ƙarshe. Cire shi daga allon, duk labarin ya rushe.

Kurtun_Tafo:
Malam a yi haƙuri, sabo ne ni. Mene ne N da B ɗin nan?

Hajiya_Asawase:
Haruffan takardar gasa ne ɗana. K sarki, Q sarauniya, R soro, B giwa, N doki. Kurtu ba shi da harafi, gidan da ya je kawai ake rubutawa. x na nufin an ci, + cak ne, O-O sarki ya shiga gajeren ɗaki, O-O-O dogon ɗaki. Ka haddace su tun yanzu, don a dogon wasa dole ka rubuta kowane taku.

Giwar_Nima:
Malam_Soro ya nuna hanya ɗaya ce daga cikin uku, kuma ita ce mafi sauƙi. Bayan 8.Ng5+ sarki na iya zuwa g8, h6 ko g6. A h6 ya shiga layin giwar c1, sai 9.Nxe6+ ta buɗe cak, sarauniyarsa ta tafi. Inda mutane ke faɗuwa g6 ne, domin sarauniya ba ta iya zuwa h5, sarki zai cinye ta. A wannan tsarin 9.h4 ake bugawa da barazanar 10.h5+: in ya je f5, Qf3 mat ne, in ya je h6, Nxf7+ ya ɗauke sarauniya. A wasu tsare-tsaren kuma Qg4 ake bugawa, ya amsa da f5, ka koma g3 kana riƙe da buɗaɗɗen cak. Wanda bai lissafa Kg6 ba tun kafin ya ci h7, caca ya yi.

Malam_Soro:
Gaskiyarka. A ƙara da abubuwa uku da ke kashe wannan harin. Na ɗaya, giwarsa ta farin gida ta samu zuwa f5 bayan Qh5, ta tsare h7, shi ke nan. A misalin sama kurtunsa na e6 da dokin d7 ne suka toshe ta. Na biyu, giwarsa na e7 maimakon b4: za ta cinye dokin g5 da goyon bayan sarauniya. Maganin wannan shi ne kurtu a h4 alhali soronka na h1, don in ya ci ka rama da hxg5, layin h ya buɗe. Greco ɗan Italiya ya rubuta wannan dabarar tun wajen 1620. Na uku, dokinsa ya iya dawowa f6 ko f8.

Tal_na_Zongo:
Ni fa ina ganin kuna tsoratar da yaron. In sai an cika sharaɗi goma kafin a kai hari, ba wanda zai kai. A allo, tsaro ya fi hari wuya. Mai hari yakan samu taku biyu ko uku masu kyau, mai tsaro sau da yawa taku ɗaya tak zai cece shi, ga agogo na tafiya. Mikhail Tal ya karɓe kambun duniya daga hannun Botvinnik a 1960 yana ɗan shekara 23, kuma da dama daga cikin abubuwan da ya bayar kwamfuta ta samo musu amsa daga baya. Amma wanda ke zaune gabansa bai samo ba. A gasar unguwa ba Stockfish, injin ces na kwamfuta, kake fuskanta ba, mutum ne mai minti huɗu a agogo da zufa a goshi.

Hajiya_Asawase:
Ka manta ka ce Botvinnik ya karɓe abinsa a 1961.

Tal_na_Zongo:
Hajiya wannan kuma tsokana ce. Ba ta canza maganar ba.

Giwar_Nima:
Akwai gaskiya a maganar Tal_na_Zongo, amma a raba abu biyu. Akwai bayarwar da ake lissafawa har ƙarshe, cak bayan cak, kamar wadda Malam ya kawo. Wannan ba jarumta ba ce, lissafi ne. Akwai kuma wadda ba a ganin ƙarshenta, ka ba da kurtu ko ka musanya soro da doki don 'ya'yanka su samu hanya. Ta biyun tana da farashi. Kurtu ɗaya don ka riga shi fitar da 'ya'ya da taku biyu ko uku, ciniki ne mai kyau. Soro a kan doki, wato 5 a kan 3, don ka farfasa kurtayen gaban sarkinsa, shi ma yana biya. Amma cikakken doki a kan cak biyu da fatan ya ruɗe, wannan asara ce ko da an ci wasan, domin zagaye na gaba wani zai zauna ya ƙirga.

Alkalin_Allo:
Bari in sako bangaren doka, don hare-hare da yawa a nan suke mutuwa ba a lissafi ba. Ɗan da ka taɓa da niyya, shi za ka motsa. In ka ɗaga giwa za ka ci h7 sai ka hango Bf5, ba komawa, sai dai ka nema mata wani gida. In har ka taɓa kurtunsa ma, dole ka ci. Saboda haka hannu a cinya har lissafi ya ƙare. In gyara zama za ka yi wa ɗa, ka faɗa kafin ka taɓa, kuma a lokacinka.

Na biyu, a tsakiyar farautar sarki ne aka fi yin haramtaccen taku, mutum ya motsa ɗan da aka ɗaure, ko ya manta shi ma an ba shi cak. Karon farko ana ƙara wa abokin karawa lokaci, karo na biyu faɗuwa ce. Na uku, in kun yi wasan minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30, dole ka ci gaba da rubuta takunka ko da minti ɗaya ya rage maka. Sai waya: a kashe ta, a ajiye inda alƙali ya ce. In ta yi ƙara a aljihunka, mat ɗin da ka shirya a taku uku ba zai amfane ka ba.

Dokin_Aboabo:
Na gode. To batun buɗe wasa fa? Waɗanne ne ke kai mutum ga irin waɗannan hare-haren ba tare da haddar littafi guda ba?

Baba_Evans:
Sunana ya riga ya ba ka amsa: gambit ɗin Evans, wato buɗin da ake ba da kurtu tun farkon wasa. 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Bc5 4.b4 Bxb4 5.c3 Ba5 6.d4. Kurtu ɗaya ka bayar, ka samu c3 da d4 da bugun giwarsa, sarauniya ta samu b3 inda za ta haɗu da giwar c4 a kan f7, giwar baƙin gida kuma ta samu a3 inda za ta hana sarkinsa shiga ɗaki. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Wales, William Evans, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1820. Kada a ce tsohon yayi ne: Kasparov ya doke Anand da shi a Riga a 1995 cikin taku 25.

Inda ake ɓata shi: mai fari ya tsaya neman kurtunsa ya dawo. Ba don ka karɓe shi ka bayar ba. Duk takun da ka kashe wajen kwaso kurtu, shi kuma ya fitar da ɗa guda. Sannan ka san cewa mai baƙi da ya iya zai mayar maka da kurtun da kansa ta hanyar d6 da Bb6, ya nemi a musanya sarauniyoyi, ya bar ka da kurtayen a2 da c3 a warwatse. Wannan tsarin Lasker ne, tsohon zakaran duniya. In ka ga ya nufi can, ka guji musayar.

Yar_Madina:
Ga masu fuskantar 3...Nf6 maimakon 3...Bc5 kuma akwai harin da ake kira soyayyiyar hanta (Fried Liver): 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Ke6 8.Nc3. Sarki ya fito tsakiyar kasuwa don ya riƙe dokin d5, kai kuma kana ƙara masa nauyi da d4 da soro a e1. A wasan sauri da wuya mai baƙi ya tsira. Sai dai duk wanda ya taɓa ƙonewa sau ɗaya ba ya sake cin d5 da doki. 5...Na5 zai buga, sai 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Be2 h6, dokinka ya koma baya, kuma yanzu shi ne ya ba da kurtu yana korarka. Wanda zai buga 4.Ng5 ya shirya zama mai tsaro, in ba haka ba ya zaɓi 4.d3 ya huta.

Kurtun_Tafo:
Akwai wanda ake ta yaɗawa a YouTube, 1.e4 e5 2.Nf3 Nf6 3.Nxe5 Nc6. Yana da kyau?

Giwar_Nima:
Stafford ke nan. Tarko ne, ba buɗi ba. Bayan 4.Nxc6 dxc6 5.d3 Bc5, in mai fari ya yi kwaɗayin ɗaure doki da 6.Bg5, sai 6...Nxe4 7.Bxd8 Bxf2+ 8.Ke2 Bg4 mat. Abin sha'awa ne. Amma 6.Be2, sannan c3 da d4, sun toshe giwar c5, ka tashi kurtu ɗaya a ƙasa ba komai a hannu. A intanet kana haɗuwa da sabon mutum kowane wasa. A gasar Kumasi ko Accra fuskokin nan dai su ne, zagaye biyar ko bakwai, kuma tsakanin zagaye kowa na leƙa allon kowa. Tarkon da ya kama mutum da safe, kafin la'asar an san maganinsa.

Malam_Soro:
Wannan mat ɗin ɗan'uwan na Légal ne, wani tsohon ɗan wasan Faransa, kuma shi ya fi cancanta a koya don yana fitowa daga wasa na ƙa'ida. 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 d6 4.Nc3 Bg4 5.h3 Bh5 6.Nxe5. In ya ci sarauniya, 7.Bxf7+ Ke7 8.Nd5 mat. In ya farga ya buga 6...Nxe5, sai 7.Qxh5 Nxc4 8.Qb5+ ka dawo da dokinka da ribar kurtu. Amma dubi amfanin 5.h3. In ka yi gaggawar 5.Nxe5 giwar tana g4, dokinsa zai ci e5 ya kuma tsare giwar, ka yi asarar doki. Taku ɗaya na shiri ne ya raba dabara da wauta.

Dan_Dam:
Wani abu da ban ga an ambata ba. Yawancin masu shigowa ces a unguwanninmu daga dam suka fito, kuma a dam ci dole ne. Hannu ya saba, duk abin da aka miƙo sai ya karɓa. Shi ya sa bayarwa ke aiki sosai a ƙananan allo. Masu koyar da yara su riƙa nanata musu cewa a ces ana iya ƙin kyauta. Ko gambit ɗin Morra, 1.e4 c5 2.d4 cxd4 3.c3, ba dole a ci c3 ba, 3...Nf6 ta wadatar.

Yar_Madina:
Tunda an ambaci Morra, masu buga shi da fari su kiyayi ramin da ke ciki: 3...dxc3 4.Nxc3 Nc6 5.Nf3 e6 6.Bc4 Qc7 7.O-O Nf6 8.Qe2 Ng4. Hannu zai so ya kori dokin da 9.h3, sai 9...Nd4. In ka ci da dokin f3, Qh2 mat. In ba ka ci ba, sarauniya ta tafi ko ya cire dokin f3 da cak. Mai hari ma yana da sarki, ya riƙa waiwaye.

Baba_Evans:
A gefe guda: wa ya raɗa wa wannan ɗan suna giwa? A wajenmu bishop kowa ke cewa.

Hajiya_Asawase:
Baba ai daga Larabci ne, su alfil suke ce masa, wato giwa. Ya fi daɗin faɗa, kuma yara sun fi saurin riƙewa. A bakin allo kowa ya kira abin da ya saba, a takarda dai B ce.

Sarkin_Dogon_Daki:
A dawo kan tambayar Dokin_Aboabo. Hari mafi sauƙin fahimta shi ne idan sarakuna suka shiga ɗaki daban-daban, ɗaya dogo ɗaya gajere. A nan kurtaye ne mayaƙa, domin tura su ba ya tsiraita sarkinka. Tsere ne, kuma ana ƙirga shi kamar kuɗi. Kurtun h daga h2 zuwa cin g6 taku uku ne: h4, h5, hxg6. In ya riga ya tura h6, ya ba ka maƙala: g4, g5, layi ya buɗe. Ka ƙirga naka, ka ƙirga nasa a ɗaya gefen, ka duba wa ke da taku. In ya riga ka da ɗaya, tsaya ka yi tsaro tukuna.

Misalin da kowa ya kamata ya sa a allo shi ne na Karpov da Korchnoi, wasa na biyu a Mosko, 1974, a tsarin Dragon, inda mai baƙi ke sa giwarsa a g7. Karpov ya jera Be3, f3, Qd2, Bc4, h4, dogon ɗaki, sannan 14.h5 Nxh5 15.g4 Nf6. Ya ba da kurtu don layin h kawai. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Bai ruga ba. 16.Nde2 ya buga, daga baya 19.Rd3, duka biyun don tsare c3, saboda ya san duk fatan mai baƙi shi ne ya ba da soro a c3 ya farfasa gidan sarki. Da ya toshe wannan, sai 20.g5 da 21.Rd5, wasa ya ƙare a taku na 27. Taku biyu na tsaro a tsakiyar hari su suka ci wasan.

Tal_na_Zongo:
To ai ga shi, shi ma kurtu ya bayar bai ga mat ba.

Sarkin_Dogon_Daki:
Kurtu, ɗan'uwa. Ba giwa ba. Kuma a sakamakonsa soron h1 ya shiga wasa ba tare da ya motsa ba. Abin da Giwar_Nima ya kira farashi ke nan.

Ƙarin bayani ga masu son gwadawa: f3 kafin Qd2, in ba haka ba Ng4 zai dami giwar e3. Kuma kada ka musanya giwar g7 da Bh6 alhali c3 ba ta da mai tsaro na biyu, domin da sarauniyarka ta tafi h6, Rxc3 na zuwa, Qa5 na biye.

Hajiya_Asawase:
Ni abin da na fi gani a allunan yara da matasa ba rashin dabara ba ne, rashin gayyato soro ne. Sarauniya da doki su je su yi ta zagaye, soraye biyu na barci a gida. Hanya mafi arha ita ce ɗaga soro ta sahu na uku: Re1, Re3, sannan g3 ko h3. Taku uku ne, ba ka bayar da komai ba, kuma kurtayen gaban sarkinka na nan daram.

Lasker da Bauer, Amstadam 1889, a nan ake ganin amfaninsa. 15.Bxh7+ Kxh7 16.Qxh5+ Kg8 17.Bxg7 Kxg7 18.Qg4+ Kh7 19.Rf3. Giwa biyu ya bayar, amma ba don soron nan na da hanyar zuwa h3 ba, da iyakarsa kunnen doki ta hanyar maimaita cak. Bauer ya ba da sarauniya don ya tsira daga mat, sai Lasker ya buga 22.Qd7 ya kai wa giwaye biyu hari a lokaci guda. Wato tun kafin ya fara ya hango har can. Kafin ka kwaikwayi wannan, tabbatar da abu biyu: soro zai hau sahu na uku a taku ɗaya, kuma in ya ƙi cin giwa ta biyu ya tura kurtun f, kana da amsa.

Dokin_Aboabo:
Hajiya wannan batun maimaita cak ɗin, ana iya dogara da shi?

Hajiya_Asawase:
Shi ne inshorar mai hari. In lissafinka ya nuna cewa ko abu ya ɓaci kana da cak marar yankewa, to bayar, mafi muni rabin maki. In babu, sai ka ga ƙarshen layin da idonka. Amma ka duba da kyau cewa sarkin ba shi da hanyar gudu zuwa ɗaya gefen, domin sau da yawa ta f8 da e7 yake sulalewa.

Alkalin_Allo:
Kuma kunnen dokin ba ya zuwa da kansa a maimaici na uku, sai ka nema. Ka rubuta takun da zai kawo tsari iri ɗaya karo na uku, kada ka buga shi, ka tsayar da agogo ka kira alƙali. In ka riga ka buga ka danna, dama ta koma hannun abokin karawarka.

Giwar_Nima:
Tambayar kan hari ce, mu kuma mun tsaya kan bayarwa. Hari ba lallai sai an zubar da ɗa ba. Short da Timman, Tilburg 1991: allo cike da sarauniyoyi da soraye, Short ya ɗauki sarkinsa ya taka Kh2, Kg3, Kf4, Kg5, zai je h6 ya taya sarauniya yin mat a g7. Timman ya miƙa wuya. Short bai ba da ko kurtu ba. Abin da ya sa ya yiwu shi ne 'ya'yan Timman duk a ɗaure suke, babu mai iya ba da cak. Darasin da ɗan gasa zai ɗauka: in harinka ya tsaya, tambayi kanka wane ɗa ne bai zo ba tukuna, ko da sarki ne ko kurtun h.

Dan_Dam:
Don Allah kada wani ya je ya fito da sarki ranar Asabar ya ce a nan aka koya masa.

Malam_Soro:
Haha. A ƙara da siffofin mat da ya kamata ido ya sani ba tare da tunani ba, don su ne ke nuna maka inda harin zai sauka. Mat ɗin shaƙewa: kurtun f7 ba ya nan, sarauniya ta ba da cak a layin a2 zuwa g8, Kh8, Nf7+ Kg8, Nh6 cak biyu, Kh8, Qg8+ soro ya ci, Nf7 mat. Kuskuren da ake yi: in soronsa na f8, zai cinye dokin tun a f7, sai fa in sahun bayansa ba mai gadi. Sai na doki a e7: Ne7+ Kh8, Qxh7+ Kxh7, soro ya sauko layin h, mat, domin dokin ya riƙe g8 da g6. Sai na sahun baya, wanda Morphy ya gama da shi a gidan opera na Paris a 1858: 16.Qb8+ Nxb8 17.Rd8 mat. A ƙarshen wasan nan 'ya'ya biyu kacal suka rage masa ban da kurtaye, soro da giwa, kuma su suka yi aikin, alhali giwar f8 da soron h8 na abokan karawarsa ba su taɓa motsawa ba.

Yar_Madina:
Yadda za a horar da ido: matsala biyar a rana ta fi hamsin da ake dannawa a waya cikin trotro. Ɗauko ta daga Lichess, shafin ces na intanet, kyauta ne, amma ka jera ta a allo na gaske, ka ba kanka minti goma, ka rubuta layin gaba ɗaya da amsoshinsa kafin ka duba. Tsarin nema kuwa: cak tukuna, sannan ci, sannan barazana, naka da nasa. Bayan gasa kuma ka bi wasanka da kanka da wanda kuka kara kafin ka kunna injin, in ba haka ba lamba kawai za ka gani ba dalili ba.

Sarkin_Dogon_Daki:
Ba a yi maganar wanda ake kai wa harin ba. Abu uku. In an taso maka ta gefe, amsa a tsakiya, d5 ko e5, don 'ya'yansa su rasa hanyar wucewa. Ka musanya maharan, musamman sarauniya. Kuma in an ba ka doki, ka shirya mayar da shi ko rabinsa a lokacin da zai kashe wutar. Masu riƙe duk abin da suka ci su aka fi yi wa mat.

Tal_na_Zongo:
Duk na ji, amma ina nan kan bakata. Wanda bai kai 1800 ba ya kai hari ya faɗi sau ashirin, zai fi koyon lissafi a kan wanda ya yi kunnen doki ashirin yana tsare gida. Maki na dawowa.

Baba_Evans:
A wasan sada zumunci, na yarda. A zagayen ƙarshe da rabin maki zai ba ka kyauta, ban yarda ba. Agogo ma na da ta cewa: a 15 da 10, in ka kashe minti takwas kan bayarwa ɗaya, ko ta yi daidai ba ka da lokacin gama ta. Kada lissafi ɗaya ya ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya rage maka. In ya wuce haka ba ka ga ƙarshe ba, kawo ƙarin ɗa.

Kurtun_Tafo:
Malam_Soro, na jera misalinka na farko a allo. In a taku na 6 mai baƙi bai shiga ɗaki ba ya buga c5 fa? Har yanzu ana cin h7?

Malam_Soro:
A'a ɗana, soron h8 na gadinsa, giwa za ka zubar a banza. Sarkin ma bai zo wurin ba. A nan tsakiya ake faɗa, d4 ɗinka yake nema. Ka shiga ɗaki ko ka ci c5, ka bar giwar a d3 tana jira. Jera shi haka ka duba abin da zai faru in ya shiga ɗakin a taku na gaba, ka kawo mana layin Kg6 a rubuce.